Tambayoyi da Amsoshi: Dattawan da Ke Tafiya Aikin Mishan a Tsibiran Samoa

Idan aka ce ɗan mishan a wajenmu, wanda ke faɗo wa mutum a rai shi ne irin Dokta Walter Miller na Zariya: ya zo da ƙuruciyarsa, ya koyi harshe, ya tsufa a kan aikin. Akwai kuma wani kashin da ba mu cika jin labarinsa ba. Miji da mata ne da suka gama aikin ofis, suka aurar da 'ya'ya, suka goyi jikoki, sai kuma suka kulle gida suka hau jirgi zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku don su yi wa cocinsu hidima. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi irin waɗannan dattawa ne, da irin zaman da suke tararwa a ƙasar Samoa.

Su wane ne waɗannan dattawa, kuma wane coci ne ke tura su?

Coci-coci da dama suna da masu aikin sa kai bayan ritaya, amma wanda ya mayar da abin tsari sosai shi ne Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wadda duniya ta fi sani da cocin Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninta suka nemi a daina kiran su da wannan suna. Joseph Smith ne ya kafa ta a 1830 a jihar New York, hedikwatarta kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah ta Amurka.

An fi sanin cocin da samarin nan biyu-biyu masu farar riga da laktaya da baƙin kati a ƙirji. Dattawan ma suna maƙala katin. Na mijin an rubuta Elder kafin sunansa, na matar Sister. Galibi sun haura shekara 60, ba sauran yaro ƙarami a gabansu, kuma sukan ɗauki wata 6, ko 12, ko 18, ko 23. A cikinsu akwai tsofaffin malaman makaranta, da nas-nas, da akawu, da manoma, da injiniyoyi. Da yawa daga Amurka suke, wasu daga New Zealand da Ostireliya, wasu kuma 'yan Samoa ne da suka yi shekaru a ƙetare suka dawo.

Ina ne ma Samoa ɗin?

A kudancin tekun Fasifik, tafiyar kamar awa 4 a jirgin sama daga birnin Auckland na New Zealand. Manyan tsibiranta biyu ne: Upolu, inda babban birnin Apia yake, da Savai'i wanda ya fi girma amma ya fi ƙarancin jama'a. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen ƙasar sun ɗan haura 200,000. A 1899 Jamus da Amurka suka raba tsibiran, New Zealand ta ƙwace rabon Jamus a 1914, kuma a 1962 wannan ɓangaren ya sami 'yancin kai. Ɓangaren gabas har yau yana hannun Amurka. Tsakaninmu da su awa 12 ne cif: ƙarfe 7 na safe a Kano, 7 na yamma a Apia.

To ai na ji mutanen can Kiristoci ne tun tuni. Wa za su je su yi wa wa'azi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ina ganin duk dattijon da bai yi wa kansa ita ba kafin ya tashi, zai sha mamaki.

Kiristanci ya shiga Samoa a 1830, shekarar da John Williams na ƙungiyar mishan ta Landan ya sauka a Sapapali'i da ke Savai'i, tare da malamai 'yan tsibiran Tahiti da Cook, sarki Malietoa Vainu'upo ya karɓe su. 'Yan Methodist suka biyo, 'yan Katolika suka iso a 1845. Tun 1844 aka buɗe makarantar horar da fastoci a Malua, kuma ba a daɗe ba 'yan Samoa da kansu suka fara ficewa aikin bishara zuwa Tuvalu da Papua New Guinea da sauran tsibirai. Taken ƙasar, Fa'avae i le Atua Samoa, ma'anarsa a kan Allah aka kafa Samoa. A 2017 majalisa ta gyara tsarin mulki ta rubuta ƙarara cewa ƙasar ta Kirista ce. Ƙauyen da gidajensa ba su kai ɗari ba sai ka ga majami'a biyu ko uku, kowace ta fi duk wani gini a garin tsayi da fenti.

Shi kansa cocin Mormon ba baƙo ba ne a can. Wasu mabiyansa biyu 'yan Hawaii, Kimo Pelio da Samuela Manoa, sun isa tun 1863, sannan a 1888 Joseph Dean da matarsa Florence suka sauka a ƙaramin tsibirin Aunu'u suka kafa aikin a hukumance. Yau wajen mutum ɗaya cikin shida na ƙasar ɗan cocin ne. Limamansu 'yan ƙasa ne, ba sa karɓar albashi, kuma da yawansu kakanninsu ma a cikin cocin aka haife su. Baturen da ya taso daga Utah da niyyar koya wa waɗannan mutane addu'a, goro ya kai Gwanja.

Shi ya sa aikin dattawan ya fi karkata ga abin da suka iya da hannunsu da abin da suka yi shekara talatin suna yi a ofis. Ƙwanƙwasa ƙofa da wa'azin gida-gida na samari ne.

Me suke yi ke nan daga safe zuwa dare?

Ya danganta da abin da aka turo su yi. Cocin yana da makarantu a Pesega kusa da Apia, da Vaiola a Savai'i, da Sauniatu can cikin duwatsun Upolu. Tsohon malamin jami'a da matarsa sukan yi aikin horar da malaman waɗannan makarantu bayan an tashi ɗalibai, domin su samu takardar shaidar koyarwa. Nas mai ritaya ita ke riƙe da wayar da samarin mishan ke bugawa idan ƙafa ta ruɓe ko ciki ya ɓaci. Akawu yana ofishin mishan yana fama da kuɗin haya da takardun izinin zama da gyaran motoci. Wasu suna hidima a haikalin cocin da ke Apia, wanda aka buɗe a 1983, gobara ta cinye shi a Yulin 2003, aka sake gina shi aka buɗe a 2005. Wasu kuma suna taya mutane tattara sunayen kakanni, domin binciken nasaba babban abu ne a aƙidar cocin.

Akwai masu aikin jinƙai, kuma nasu ne ya fi kai su cikin ƙauyuka: tankin tara ruwan sama, kujerun makaranta, keken guragu, gyaran banɗakin firamare. Kada mai karatu ya ɗauka rabon kaya ne da ɗaukar hoto kawai. Kafin tanki ɗaya ya sauka, sai an zauna da shugabannin ƙauye, an amince wa zai zuba dandamalin siminti, wa zai kula da famfo, an rubuta takarda ta tafi ofishin yanki da ke Auckland ta dawo. Keken guragu ma sai an auna faɗin ƙugun mai shi da tsayin ƙafarsa, an duba irin hanyar da ke ƙofar gidansa, domin keken da ya dace da simintin asibiti ba ya tafiya a kan tsakuwar murjani.

Matar kuma, ko da wani aikin ya kawo ta, in dai ta iya fiyano to ta shiga uku da 'yan koyo. 'Yan Samoa mutanen waƙa ne, kuma kowace majami'a tana neman mai kaɗa mata.

Wa ke biyan kuɗin?

Su da kansu. Babu albashi. Daga fansho da ajiya suke ci, su sha, su biya inshorar lafiya, wani lokaci 'ya'yansu su tallafa. A 2011 cocin ya sa wa kuɗin gidan da ma'aurata za su biya iyaka, dala 1,400 a wata, abin da ya haura shi zai cike. Samoa kuwa ba ta da arha ga wanda ya nace sai ya ci irin cimar garinsu, tunda madara da cuku da tuffa duk jirgi ne ke kawo su. Wanda ya saba da kasuwar Fugalei ya rungumi gwaza da ayaba da gwanda da kifi, aljihunsa zai huta.

Su ke zaɓar ƙasar da za su je?

Suna iya faɗin inda suke so da irin aikin da suka iya. Sai likita ya duba su, shugabannin cocin yankinsu su gana da su, takardu su tafi Salt Lake. Daga can wasiƙa ke zuwa da sunan wurin. Akan yi musu gajeren horo, sau da yawa a cibiyar cocin da ke Provo, sannan su kama hanya. Dokokinsu ba su kai na samari tsauri ba: suna kiran gida yadda suka so, suna tsara lokacinsu, kuma idan babban al'amari ya taso a iyali suna iya zuwa na 'yan kwanaki da kuɗinsu.

Yaya ake tafiyar da ƙauye a can? Wa baƙo zai fara gaisarwa?

Komai a kan dangi yake, abin da suke kira aiga. Kowane dangi yana zaɓar matai, wato mai riƙe da sarautar gidan, shi ke kula da ƙasar gado da sunan zuriya. Matai-matai na ƙauye su ne majalisar da ake kira fono, kuma dokar da aka yi a 1990 ta tabbatar musu da ikon hukunci da cin tara a kan al'amuran ƙauye. Wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Samoa ta gado ce, ba a sayar da ita. Har kaburburan iyaye a ƙofar gida suke, an yi musu siminti da tayil, yara na wasa a kai, wani lokaci ma a shanya wanki. Wannan yakan girgiza baƙo a makon farko, daga baya ido ya saba.

Don haka babu batun shiga ƙauye da mota cike da kaya a fara rabo. Sai an bi ta hannun matai, kuma idan zuwan na hukuma ne za a yi bikin ava. Ana zama a fale, ɗakin taro mai rufi da ginshiƙai zagaye ba bango, kowa da ginshiƙin da ya dace da matsayinsa. Masu jawabi, tulafale, su yi ta jera kirarin garin da na baƙi cikin wani salon magana da ko ɗan ƙasa sai ya koya. Ana dama busasshen saiwar ava da aka daka a cikin akushin katako mai ƙafafu da yawa, a tace, a riƙa kiran suna ana miƙa wa mutum ɗaya-ɗaya a ɓawon kwakwa. Jerin da aka bi wajen miƙawa shi ke nuna wa ya fi wa. Mai karɓa ya ɗan zuba kaɗan a ƙasa, ya ce manuia, sannan ya sha. Ruwan launin ƙasa ne, ɗanɗanonsa ma kusan haka, yana sa harshe ya ɗan yi nauyi.

A nan ne furfura ke yi wa dattawan rana. Saurayin mishan mai shekara 19, duk iya harshensa, yaro ne a idon fono. Mai shekara 68 da bai iya haɗa jimla ɗaya ba, za a ba shi ginshiƙi mai daraja a saurare shi ta bakin tafinta. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa tura tsofaffi irin wannan ƙasa yake da ma'ana. Wahalarsa ɗaya: sai an tanƙwashe ƙafa a tabarma awa guda ko fiye, gwiwa kuwa ba ta san girma ba.

Mene ne abin da suke kira sa, da ake cewa kada a kuskura a karya?

Lokacin addu'ar magariba ne da ƙauyuka da yawa ke kiyayewa, wajen ƙarfe 6 zuwa 7. Za a busa ƙaton kodin teku ko a buga tsohuwar tukunyar gas da aka rataye a bishiya. Bugun farko kowa ya nufi gida, na biyu a fara addu'a, na uku an gama. Minti 10 zuwa 20 ne. Samarin garin da ba su da sarauta, aumaga, suna jere a bakin titi cikin kaya iri ɗaya suna lura. Mai tafiya a ƙafa ya nemi wuri ya zauna. Mai mota a babban titi ya wuce a hankali, kada ya tsaya ya fito yana hira. Daga kowane gida sai ka ji waƙar yabo tana tashi, wannan na karo da wancan. Ɗan gari da ya karya, danginsa ne za su biya tara.

Yaya ranar Lahadi take?

Tun kafin asuba samarin gida suke tashi haɗa umu. A jera duwatsun dutse mai aman wuta a kan itace da ɓawon kwakwa, a hura har su yi ja. Wani na kankare gwaza, wani na zaune a kan ɗan benci mai haƙoran ƙarfe yana goge kwakwa, wani na matse ta da zaren ganye har madarar ta fito. A zuba madarar da albasa da gishiri cikin ɗanyen ganyen gwaza a ƙunshe, shi ne palusami. Sai a baje duwatsun, a ɗora gwaza da ɗanyar ayaba da kifi da kaza, da alade idan akwai, a ɗora wasu duwatsun a sama, a lulluɓe da ganyen ayaba. Kafin gari ya waye hayaƙi ya kwanta a kan ƙauyen gaba ɗaya kamar hazo.

Sai coci, mata cikin fararen kaya da huluna masu faɗi, maza da farin zane da kwat. Bayan an taso a zauna cin to'ona'i, wato babban abincin ranar Lahadi. Manya da baƙi ne ke fara ci, yara na gefe da mafici suna korar ƙuda, su kawo ruwan wanke hannu idan an gama, sannan su ci abin da ya rage. Dattijuwar da ta saba a garinsu ita ke zuba wa jikoki kafin ta zauna, wannan yakan dame ta ƙwarai. Sai ta riƙa miƙa wa yarinyar da ke mata fifita loma, yarinyar na noƙewa tana satar kallon uwarta. Abin da ya fi shi ne ta ci daidai cikinta ta ture farantin da sauran abinci a kai, domin ragowar ba asara ba ce, akwai masu jiranta.

Daga nan gari ya mutu. Yawancin kantuna a rufe, ba wanka a teku a ƙauyuka da dama, ba ƙwallo, ba sare-sare. Lahadi ta biyu a watan Oktoba ce kaɗai ake juya tsarin: ranar yara ce, Lotu Tamaiti, a yi musu sababbin fararen kaya, su jagoranci ibada, kuma su ne za su fara cin abinci manya na musu hidima.

Waɗanne kurakurai baƙi suka fi yi?

Yi wa wanda ke zaune magana kana tsaye. Miƙe ƙafa ta kalli mutane, alhali idan gwiwa ta gaji sai a ja tabarma a rufe ƙafafun. Cin abu ana tafiya cikin ƙauye. Shiga fale da takalmi. Ratsa gaban manya ba tare da an rusuna an ce tulou ba. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a yawancin wannan ba, amma ga wanda ya taso a inda ake kiran suruki da sunansa, karatu ne sabo.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne yaba kayan mutum da yawa. Ka cika cewa tabarmar nan ta yi kyau, sai ka tarar an naɗe ta an sa maka a mota.

Dole ne su koyi harshen?

Ba dole ba, Turanci ma harshen hukuma ne. Amma huɗuba da waƙa da raha duk da harshen Samoa ake yi, don haka wanda bai koya ba zai yi ta zaman kurame a coci. Haruffan ba su da yawa, sai dai akwai tarko: harafin g ana furta shi kamar ng, kuma a hira ta yau da kullum ana mayar da t ta koma k, ta yadda abin da ka haddace a littafi ba shi za ka ji a kasuwa ba. Ga kuma kalmomin girmamawa na musamman da ake yi wa sarakuna. Yawancin dattawan sukan tsaya a talofa da fa'afetai, wato sannu da na gode, da 'yar gajeriyar addu'a. Sunan da yara ke kiran su da shi a hanya kuwa, palagi, wato Bature, ba sai an koya musu ba.

Jikin tsufa yana ɗaukar yanayin wurin?

Zafi ne mai gumi shekara duka, damina daga Nuwamba zuwa Afrilu. Takalmin fata ya kwana biyu a kabad sai ya yi furfurar gansakuka. Ƙaramin ƙwarzane ya zama gyambo idan ba a kula ba, sauro na kawo zazzaɓin dengi, karnuka kuma sun hana tsofaffi da dama yawon motsa jiki na safe sai da sanda. Babban asibitin ƙasar yana Moto'otua a Apia, ciwon da ya fi ƙarfinsa sai New Zealand. Wanda aka tura Savai'i yana da ƙarin lissafi: jirgin fito daga Salelologa zuwa Mulifanua ya ɗauki awa guda ko fiye, idan teku ta yarda.

Tuƙi ma sai an sake koyo. Tun 7 ga Satumba 2009 Samoa ta koma bin hannun hagu, domin a samu shigo da motoci masu sauƙi daga New Zealand da Ostireliya. Ba gudu ake yi ba, amma alade da kaji da yara duk suna da haƙƙi a titi.

Cutar da suka fi gani a jikin maƙwabta ita ce ciwon suga, da yanke ƙafa da ke biyo bayansa. Abincin gwangwani da nama mai kitse da ake shigowa da shi sun canja cimar mutane. Gwamnati ta taɓa hana shigo da gindin talotalo a 2007, amma dole ta janye bayan shiga ƙungiyar ciniki ta duniya. Wasu daga cikin keken guragun da ake rabawa, wannan ciwon ne ya jawo buƙatarsu.

Guguwa da ambaliyar teku fa?

Suna nan. Guguwar Ofa a 1990 da Val a 1991 sun yi wa ƙasar kaca-kaca, Evan ta maimaita a Disambar 2012. Ranar 29 ga Satumba 2009 da sassafe girgizar ƙasa ta taso da igiyar ruwa da ta share ƙauyukan kudancin Upolu irin su Lalomanu, ta kashe sama da mutum 140 a Samoa kaɗai. A irin wannan lokaci majami'u ne ke zama mafaka, dattawan mishan kuma su koma direbobi da masu lissafin buhunan shinkafa.

Annoba ma ta bar tabo. A 1918 jirgin ruwan Talune ya shigo da mura daga Auckland, ta kashe kusan mutum ɗaya cikin biyar. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara, har gwamnati ta rufe ƙasar kwana biyu ana bi gida-gida da allura, gidan da ke da wanda ba a yi wa ba ya rataya jan ƙyalle a ƙofa.

Sauran coci-coci suna maraba da su?

A fuska, ƙwarai. Karamcin baƙo wajibi ne a can. A ƙasa kuwa akwai tsohuwar tsama. Coci-coci da yawa ba sa kallon aƙidar Mormon a matsayin Kiristanci na asali, saboda ƙarin littafin da suke riƙe da shi da annabawan zamani da suka yarda da su. Ban da aƙida akwai lissafin ƙauye. Fasto a Samoa jama'arsa ne ke ciyar da shi, su gina masa gida, kuma a wasu majami'u ana karanta abin da kowane gida ya bayar a bainar jama'a. Iyali ɗaya ya sauya coci, nauyin ya ƙaru a kan waɗanda suka rage. Shi ya sa wasu ƙauyuka suka taɓa ƙayyade coci-cocin da za a yi a ƙasarsu, har aka kori waɗanda suka saɓa, maganar ta kai kotu fiye da sau ɗaya tunda tsarin mulki ya ba da 'yancin addini. Garin Sauniatu ma a 1904 aka kafa shi don ya zama mafakar mabiya Mormon da aka tsangwama a garuruwansu.

Mai tambaya yana da gaskiya idan ya ce tankin ruwa da kujerun makaranta suna gyara wa coci suna. Suna gyarawa, kuma cocin ya sani. Abin dubawa shi ne ko an ba makarantar da ba ta da ɗan cocin ko ɗaya, kuma ko an dawo bayan shekara an ga tankin bai tsage ba.

Ba a damun su da roƙon kuɗi?

Ana yi, amma sai an fahimci daga ina abin ya taso. Akwai abin da ake kira fa'alavelave: rasuwa, aure, naɗin sarauta, buɗe coci. Kowane reshe na dangi sai ya kawo gudummawa, kuɗi da katan-katan na naman gwangwani da ie toga, wato lallausar tabarmar da mata ke shafe watanni suna saƙawa, wadda ba a shimfiɗa ta, dukiya ce da ake musaya. 'Yan uwa da ke Auckland da Sydney su turo nasu. Wanda ya nemi taimakonka a yau yana sa ran kai ma za ka nemi nasa gobe. Baturen da ya bayar ya kuma ƙi karɓar komai, ya fita daga wannan zagayen ya zama rijiya kawai. Cocin kan shawarci 'yan mishan su miƙa masu buƙata ga limamin cocin na unguwa, wanda ya san gidan kowa. Faɗin haka ga malamar da kuke aiki tare, wadda mahaifinta ya rasu jiya, shi ne mai wuya.

Akwai Musulmi a Samoa?

Akwai, amma 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Mabiya Baha'i sun fi su yawa, suna da babban ɗakin ibada a Tiapapata tun 1984, kuma marigayi shugaban ƙasa Malietoa Tanumafili na II ɗan addinin ne.

Irin waɗannan dattawa sun taɓa zuwa ƙasashenmu?

Da su ma aka fara. Har zuwa Yunin 1978 cocin ba ya ba baƙar fata 'yan asalin Afirka matsayin limanci, abin da ya daɗe yana jawo masa suka. Da aka ɗage hanin, waɗanda aka turo Najeriya da Ghana a Nuwambar shekarar ma'aurata ne dattawa biyu: Rendell da Rachel Mabey, da Edwin da Janath Cannon. Sun tarar da jama'a a kudu maso gabashin Najeriya da suka yi shekaru suna taruwa da sunan cocin ba tare da kowa ya zo musu ba, cikinsu har da malamin makaranta Anthony Obinna. Haikalin Accra ya buɗe a 2004, na Aba a 2005.

Miji da mata tare dare da rana, ba a samun saɓani?

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fita da safe ya dawo da yamma, yau ga shi tebur ɗaya da matarsa, mota ɗaya, ɗaki biyu, ba 'ya'ya ba maƙwabtan da aka saba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Sau da yawa kuma matar ce ke riga shi shiga jama'a, ta hanyar ƙungiyar mata da ɗinki da kicin, shi yana nan yana jiran a kira taro. Kewar jikoki ita ce ciwon da ba ya jin magani. Tun da Samoa ta tsallaka layin kwanan wata a ƙarshen 2011, ta tashi daga 29 ga Disamba ta faɗa 31, safiyar Litinin a Apia ranar Lahadi ce a Utah, lokacin da iyali ke taruwa, don haka da yawa a nan suke kiran gida ta bidiyo.

Idan wa'adi ya cika, yaya rabuwar take?

Da ci da waƙa da kuka. Kowace majami'a da makarantar da suka yi wa aiki sai ta shirya nata taron, a yi jawabai, a rataya musu sarƙar furanni da ta alewa har wuya ya cika, a tashe su su taka rawar siva ana dariya. Kyauta kuwa ta fi ƙarfin akwati: akushin ava, mafici, zanen ɓawon itace da ake kira siapo, ƙullin koko na gida. Su kuma su rabar da tukwane da fanka da littattafan fiyano. Aikin da bai ƙare ba a rubuta shi a fayil, da lambar wayar mai gyaran famfo da sunan matai ɗin da ya kamata a fara gaisarwa a kowane ƙauye, a ajiye wa ma'auratan da za su gaje su, waɗanda wani lokaci sai bayan wata biyu ko uku suke isowa. Jiragen ƙetare daga filin Faleolo sukan tashi a tsakar dare ko da asuba, amma duk da haka sai an cika mota an raka su.